Miƙewar Maidamma

Tun da kun ce fim za ku yi, kuma kun ce wayar da ke hannunku ta ishe ku, to ku ja benci ku zauna. Labarin naku na ji shi: mutum ya yi hatsari ya nakasa, matarsa ta tsaya masa, a ƙarshe ya miƙe da ƙafarsa kowa ya yi tafi. Kun ce ƙarshen ne ma ya fi sauƙi, da yatsa ɗaya za ku danna abin ya faru. Ban musa ba. Ni ma na taɓa miƙar da gurgu, tun wasunku suna goye, kuma ya yi kyau har mutanen Sakkwato suna aiko mani da gaisuwa. Abin da ya biyo baya ne nake so ku ji kafin ku je aron keken guragun wani.

A Sakkwato na koyi aikin nan, wurin wani Malam Tukur, Allah ya jiƙansa. Shekarun farko ban san ɗanɗanon kyamara ba. Waya nake naɗewa, fitila nake riƙewa har hannuna ya mutu, in ta karkata ya harare ni ta gefen ido ba tare da ya ɗago daga aikinsa ba. Kyamarar lokacin ta kafaɗa ce, nauyinta kamar na ɗan rago, in ka wuni da ita sai ka kwana biyu kana tafiya a karkace. Ranar da ya fara barina in leƙa cikinta, abu ɗaya ya gaya mani. Ya ce in kunna ta tun ana shiri, in buɗe hoton da faɗi, in bar ta tana juyawa, don mutum ya fi kama da kansa kafin ya san ana ɗaukarsa. Na riƙe wannan har ya zame mani jiki. Ko yanzu da kuka shigo, sai da yatsana ya nemi maɓalli.

Bikin farko da na yi ni kaɗai bayan na dawo Wurno a Kwargaba ne. Batir ya mutu daidai lokacin da za a fito da amarya, sai da na roƙi direban da ya kawo 'yan biki ya cire na motarsa, na jona da waya, wani ƙato yana bina da shi a kai duk inda na nufa. Na kai kaset ina jiran yabo, sai uwar ango ta kalla ta ce ban iya aiki ba, don kwanonin da ta saya ba su fito ba, na ɓata lokaci a kan fuskokin mutane. Daga ranar na gane masu ba da aiki. Mai biki yana son a ga kayansa, ɗan siyasa yana son mutum hamsin su koma dubu, manomi yana son a ɗauki albasarsa ta gefen da tsutsa ba ta ci ba. Ba wanda ya taɓa zuwa shagon nan ya ce in nuna shi yadda yake.

Daga baya ƙananan kyamarori suka zo, masu cin kaset kamar kwalin ashana, sai kwamfuta, sai faifai. To ga abin da ku masu waya ba ku sani ba. Kaset ɗin nan daga Kano ake kawo shi, kuma ba kullum ake samu ba. Saboda haka duk mai wannan sana'a, daga nan har Rabah, in ya juye aiki cikin kwamfuta ya tace ya buga faifai, sai ya mayar da kaset baya ya ɗora wani aiki a kansa. Kwamfutar ma cikinta kaɗan ne, sai ka share tsohon kafin sabo ya samu wurin zama. Kaset guda sai ya ci suna, ya ci biki, ya ci saukar karatu, kowanne ya binne na gabansa. Ba ganganci ba ne, haka aikin yake, ba ka yi haka ba ka rufe shago.

Fim ɗin da zan gaya maku, wani saurayi ne ya kawo shi, Nasiru, ɗan Sakkwato da ya yi karatu ya ƙi aikin ofis. Ba shi da ubangida a harkar, ba shi da kamfani, labari kawai gare shi da babur. Lokacin ruwan dam ya wadata, fadama ta cika da injin ban-ruwa, kowa ya koma albasa da tafarnuwa da alkama. Labarinsa na manomi ne da ya faɗo daga motar albasa ya karya baya. Mun gwada 'yan wasa, duk wanda muka ɗora a keke sai ka ga ƙafarsa tana neman ƙasa da kanta. Ƙafa mai rai ba ta iya ƙarya. Sai na tuna da Maidamma, mai gyaran inji a wani ƙauye kusa da Goronyo, wanda abin da Nasiru ya rubuta a takarda shi ya same shi a jiki.

Maidamma manomi ne a da, ƙaƙƙarfa, shi ke hawa saman mota yana jera buhuna. Wata rana igiya ta tsinke ya faɗo, buhu ya biyo shi. Likitoci suka gaya masa gaskiya tun a lokacin. Ya yi zaman kukansa, sannan ya share ido ya koyi gyaran inji. Lokacin da na san shi yana da rumfa a bakin hanya, yana zaune a kan tabarma, sifanu da sauran kayan gyara jere a gabansa, manoma na zuwa da injinansu tun daga Boyekai. Ta ƙarar inji yake gane ciwonsa. Ga ba'a. In ka yi masa jaje sai ya ce shi ya fi ka kwanciyar hankali, don wanda ke ƙasa ba ya tsoron faɗuwa. Matarsa Kulu, 'yar Boyekai, ita ke ɗaukarsa daga ɗaki zuwa keke, daga keke zuwa tabarma, safe da yamma. Danginta sun so ta fito tun farko ta ƙi. Gida ne da aka gina shi sau biyu, kuma na biyun ya zauna.

Ɗaukar fim a fadama wahala ce da ba a gaya wa mutum. Hoto ba shi da matsala, rana kyauta ce, kwali muke manna wa takardar azurfa mu karkato da haske kan fuska. Sauti ne masifa. Makirfo a kan gora yake, yana jin komai, kuma fadama ba ta shiru, inji nan inji can. Sai mun bi manoma ɗaya bayan ɗaya muna roƙo su kashe, kuma manomin da ruwansa ya kama hanyar fangali ba ya son jin sunan fim. Maidamma ne ke raba mu da su. Daga kan kekensa zai ɗaga murya ya ce wanda bai kashe ba, in injinsa ya lalace ya kai wa Nasiru ya gyara. Sai ka ji fadama ta yi tsit.

Wadda ta fito a matsayin matarsa daga Sakkwato aka kawo ta, don Kulu matar aure ce, ba a ma yi zancen ta fito ba. Ranar da za a ɗauki wurin da matar ke ɗaga mijinta, yarinyar ta kama shi ta hammata tana ja kamar za ta fitar da buhu daga rumbu. Sai muka ji murya daga bayan zana.

"Ba hakanga aka ɗaukar mutum ba, ƙanwata. Sa gwiwa ƙasa, ki bari ya kama wuyanki, sannan ki tashi da shi. Kak ki dubi ƙahwahunai, dubi huskatai."

Haka Kulu ta koyar da ita, ba tare da ta fito ba. Duk wurin da mutane suka yi kuka a fim ɗin nan, aikin Kulu ne, sunanta kuwa ba ya cikin sunayen da muka jera a ƙarshe.

Yadda Nasiru ya rubuta, fim ɗin yana ƙarewa ne a rumfa. Mutumin yana zaune yana gyaran inji, matar ta kawo masa fura, ya ja igiyar inji ya tashi, ruwa ya fantsamo ya jiƙa su, suka yi dariya. Mun ɗauka, mun tace, Nasiru ya kai wa masu sayar da faifai a birni. Ya dawo fuska a murtuke. Sun ce masa ba mai sayen fim ɗin da gurgu ya fara a gurgu ya ƙare a gurgu, mutane sun gaji da wahalar gidajensu, in ba zai miƙe ba a bar zancen. Nasiru ya zauna a kan bencin nan da kuke kai ya ce ya sayar da babur ɗinsa a banza. Ni kuwa lokacin kaina yana hayaƙi da sabuwar kwamfuta, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, miƙar da mutum ai ƙaramin aiki ne.

Ga yadda muka yi, ku saurara, don ko yau ba za ku fi shi tsabta ba. A gindin wata gawo muka yi, bakin gonar albasa. Muka naɗe ƙirjin Maidamma da rawani ta ƙarƙashin riga, muka ɗaura igiya ta fito ta bayan wuya, ta hau reshe, ta sauka bayan itacen inda mutum biyu suke riƙe da ita. In ka ja mutum sama ya zama kaya, kowa zai gane. Saboda haka sai muka fara tsayar da shi, da sanda a hannunsa, sannan aka riƙa sassauta igiya a hankali yana sauka cikin keke. Na yanke hoton daidai saman hularsa don kada igiya ta fito. A kwamfuta na juya shi ya tafi da baya, sai saukar ta koma miƙewa. Irin wannan aiki ba ya son ruwa mai gudu, ba ya son hayaƙi, ba ya son akuya ta gitta, don duk za su tona maka asiri. Na kiyaye duka. Abin da ya kuɓuce mani balbela ce guda, can a kusurwa, tana tashi da baya.

Ba wanda ya kula da balbela. A gidajen kallo, in aka zo wurin nan, sai ka ji maza suna kabbara. Amma shekarar ba ta yi mana kyau ba. Kafin faifanmu ya zagaya, masu kwafi sun riga mu, suna sayarwa a baro a kowace tasha. Fim ya shiga ko'ina, mu ba mu ga komai ba sai gaisuwa. Nasiru ya tattara ya tafi Legas, ban sake jin ya ambaci fim ba. Na ɗauka iyakar asarar ke nan, na koma bukukuwana.

Maidamma ya sayi ƙaramin talabijin da ɗan abin da aka biya shi na fitowa a fim, da na'urar faifai, yana jona su da batirin mota. Da farko da maƙwabta yake kallo ana ba'a. Daga baya ya koma kallo shi kaɗai, kuma ba duka fim ɗin ba, ƙarshen kawai, yana mayarwa. Da na ji labari na je na same shi. Rumfa a rufe da rana tsaka, injinan mutane jibge a ƙofa. Na ce masa ya fi kowa sanin yadda aka yi abin nan, har na nuna masa balbela. Bai yi dariya ba.

"Na san da igiya, Malam, ni anka ɗaure. Amma sa'adda kunka tsaida ni, Nasiru na magana, ba a hwara saukar da ni ba, igiyar ta saki. Na ji ta saki ga wuyana. Kuma ban hwaɗi ba."

Na nemi waɗanda suka riƙe igiyar. Ɗaya ya rantse bai sassauta ba. Ɗayan ya ce yana jin ya sosa ƙeya a lokacin, bai sani ba ko ta yi sako-sako. Ni da nake tsaye a gabansa ban lura da igiyar ba, don haske nake dubawa a kan goshinsa. Mai kyamara abin da yake nema kawai yake gani.

Daga nan gidan ya canza. Maidamma ya sa aka kafa masa turke a tsakar gida. Kullum da safe Kulu za ta ɗaga shi ta jingina shi, ya ce ta saki, ta saki, ya zube. Ya ce ta sake. Goshinsa ya fashe, gwiwoyinsa suka kumbura ba ya ma ji. Ya fara bin masu ɗori da masu magani, yau Rabah gobe wani ƙauye, kowa ya shafa masa abin da ya shafa ya ce saura kaɗan. Manoma suka gaji da jira suka kwashe injinansu, don albasa ba ta san uzuri ba. Mutumin da ke sa fadama dariya ya koma mai faɗa, in Kulu ta yi jinkirin sakinsa sai ya ce ita ce ba ta son ya tashi.

Ranar wata kasuwa Kulu ta shigo shagon nan, tare da gwaggonta. Karon farko ke nan da na ga fuskarta. Tana tafiya tana dafe da ƙugu. Ta ce maigidan ya tuna ina barin kyamara tana juyawa tun ana shiri, da faɗin hoto, to lallai igiyar ta fito a kaset na asali, ya ce in ba ta.

"Shi ya aiko ni don ya ga igiya ta saki," in ji ta. "Ni ko na zaka in ga ba ta saki ba. Duk wanda kaset yab ba gaskiya, ɗayan shi haƙura."

Na san amsar tun kafin in buɗe akwati, amma na buɗe. Na samo kaset ɗin, na sa a kyamara, na jona da talabijin. Mata ne suka fito suna rawa, bikin wani mai shanu a Rara, wanda na ɗauka bayan an buga faifai. Muka zauna muna kallon bikin mutanen da ba ta sani ba, ina turawa gaba, ko Allah zai sa bikin ya ƙare da wuri. Bai ƙare ba sai dab da wutsiyar kaset. Can hoton ya yi tsalle, tsohon aikin ya leƙo. An riga an gama, na kwantar da kyamara tana kallon sama, ba a ganin komai sai rassan gawo. Muryar Maidamma kawai ake ji, yana cewa a kwance shi haka nan kada Kulu ta zo ta ɗauka ragon layya ne, sannan ya fashe da dariya, irin tasa mai fitowa daga ciki. Sai kaset ya ƙare.

Kulu ta ce in mayar. Na mayar. Ta saurara kanta a sunkuye, ta ce rabon da ta ji wannan dariyar tun kafin faifai ya shiga gidansu. Ban taɓa jin nauyin sana'ata ba kamar ranar.

Da ta koma ta gaya masa an shafe, sai abin ya ƙara ƙarfi. Abin da ba a gani ba, ba mai ƙaryata shi. Ya ce da igiyar ba ta saki ba da Allah bai ɓoye shaidar ba. Aka shiga damina yana faɗuwa a cikin taɓo. Ƙurji ya fito masa a baya ya ƙi warkewa. Mahaifin Kulu ya aiko cewa 'yarsa ba jaka ba ce, ta dawo gida, ta sake ƙi. Sai ga ta a shagona karo na biyu, wannan karon ba aiko ta aka yi ba. Ta ce faifan ya gaji da mayarwa ya fara sarƙewa, maigidan yana son sabo, kuma ni zai aika wa.

"In ya aiko, ka yanke mashi ƙarshen. Ka tsaida shi inda shike zamne rumhwatai yana dariya. In ya bar ganin kainai tsaye, wataƙila ya tuna da wanda ka zamne."

Na ce mata abin da ido ya gani almakashi ba ya cire shi. Ta ce ita ke ɗaga shi, ita ke tsince shi daga ƙasa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sai na yarda. Aikin bai ɗauke ni komai ba. Na juye faifan, na datse daidai inda ruwa ya jiƙa su, na matso da sunaye, na buga sabo. Shi ne ainihin fim ɗin Nasiru, kuma har gobe ina cewa ya fi kyau.

Ni na kai masa da kaina, bayan la'asar. Na same shi kwance a kan gefensa saboda ƙurjin. Ya yi murna da ganina, ya sa Kulu ta jona batir. Wannan karon ya ce a fara daga farko, tun da sabo ne. Muka kalla tare, Kulu tana bakin ƙofa. Da aka zo rumfa na ga ya ɗago kan gwiwar hannunsa, yana gyara zama don abin da ke tafe. Inji ya tashi, ruwa ya fantsama, suka yi dariya, sai sunaye suka fara hawa. Ya jira har suka ƙare, allo ya yi shuɗi. Ya ƙara jira. Sannan ya juyo ya dube ni, ba fushi a muryarsa, da ma fushin ne da ya fi mani sauƙi.

"Ƙahwahun da Allah yab ba ni, shi yak karɓe, na haƙura. Waɗanga kai kab ba ni su, Malam. Mi niy yi maka kak karɓe?"

Ya dubi ƙofa ya tambayi Kulu ko ita ta sa ni. Da ta yi shiru da na ɗauki laifin, amma Kulu ba ta iya ƙarya ba, ta ce ita ce. Ya gyaɗa kai, ya koma ya kwanta, ya ce to ta tafi gida ta huta da bayanta.

Bai sake ta ba, bai kuma aika biko ba. Ta koma da kanta, ya ce kada a buɗe mata. Manya suka shiga, ya ce shi ba ya faɗa da kowa, hutu ya ba ta. Na kai masa cikakken faifan, da miƙewar da komai, ya sa aka mayar mani ko buɗewa bai yi ba. Turken ya sa aka tumɓuke. Ya daina faɗuwa, wannan kam Kulu ta samu abin da ta roƙa. Amma rumfar bai koma ba, sifanun ya rabar, ƙanensa ke juya shi yanzu, yana kwance yana kallon bango. Garin neman gira aka rasa ido, kuma in kun tambaye ni wa ya rasa wa wa, ban sani ba. Kulu tana Boyekai gidan mahaifinta, da igiyar aure a kanta. An ce mata ta kai ƙara a raba auren, ta ce ba ta zuwa.

Tun daga lokacin, in ta shigo Wurno ranar kasuwa sayar da tafarnuwa, takan biyo nan da gwaggonta. Ba ta tambayar fim, ba ta son ganin faifan. Kaset ɗin bikin Rara take so, wutsiyarsa. In sa mata, ta zauna inda kake zaune ɗin nan, ta kalli rassan gawo, ta ji dariyar, ta ce in mayar, sannan ta ɗauki kwandonta ta yi godiya. Shi kaɗai ne kaset ɗin da ban ƙara ɗora wa komai ba.

Kyamarar da ke cinsa ta mutu bara. Na kai ta Sakkwato, na aika da ita Kano, masu gyara suka ce ba a yin kayanta, wani ma ya ce in sayi waya in huta. Na san za ku ce me ya hana in juye shi a kwamfuta tun da wuri. Na ɗauka kyamarar za ta kai ni, kamar yadda ta saba. Ga kaset ɗin can a kan kanta, cikin leda, lafiyarsa lau, abin da zai buɗe masa baki ne babu.

To kun ce in koya maku aiki. Zan koya maku yadda ake karkato da haske, da yadda ake roƙon manomi ya kashe inji. Miƙar da mutum kuwa kun ce kun iya, ba na buƙatar in ƙara maku. In cikinku akwai wanda ya san inda irin kyamarar nan ta rage, ko a kwandon wani tsohon mai hoto, ya nemo mani. Kasuwar da ta wuce Kulu ta zo, na gaya mata har yanzu ba a dace ba. Ta daɗe tana kallon ledar, sannan ta ce in aje shi da kyau kada zafi ya taɓa shi, don ta fara mance yadda dariyar take.